Babi na Tara: Ɗan Kwaikwayo Mai Ladabi

Duk wanda ya taɓa miƙa katinsa ga mai POS a kasuwar Zurmi ko ta Shinkafi ya yi hulɗa da kwamfutar da ba zai taɓa gani ba. Ko an kai shi har ɗakin da take, babu mai iya nuna masa ita da yatsa. Saƙon da 'yar na'urar ke aikawa yakan bi turakun sadarwa har ya isa wata cibiyar ajiyar bayanai, galibi a Legas. Cibiyar cike take da manyan kwamfutoci na ƙarfe jere a kan kanta, amma wadda ke karɓar saƙon naka yawanci manhaja ce zalla aka gina ta da ita a cikin ta ƙarfen. Tana da nata kason ƙwaƙwalwa, da nata faifan ajiya, da nata adireshi, kuma a ganinta ita kaɗai ce a wurin. A wannan littafi muna kiran ta kwamfutar ciki. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, ɗakuna da yawa, kowane ɗan haya da makullinsa.

Dabarar ba ta yau ba ce. Injiniyoyin IBM a garin Cambridge na jihar Massachusetts sun fara aiki da ita a 1967, kamfanin kuma ya fitar da VM/370 a 1972. Ta sake tasowa da kafuwar VMware a 1998, da fitowar Xen daga Jami'ar Cambridge ta Ingila a 2003, da shigar KVM cikin Linux a 2007. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar irin waɗannan kwamfutoci da awa, a ƙarƙashin sunan EC2.

Gida mai ɗaki dubu kuwa dole ya samu wakili, wakilin nan shi ne manhajar kula. Ita ke buɗe sabuwar kwamfutar ciki in an nema, ta kunna, ta kashe, ta kwafe faifanta, ta ɗauke ta daga wannan uwar kwamfuta, wato ta ƙarfen, zuwa waccan ba tare da masu amfani sun ankara ba, ta share ta in an gama da ita. OpenStack, wadda hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka fara a 2010, tana cikin irinsu. Haka vCenter ta VMware, haka ƙananan manhajoji bila adadin da ma'aikata ke rubuta wa ofisoshinsu. Abin da ya haɗa su duka shi ne kowane makulli yana hannunsu. Manhajar gyaran hoto in ta yi kuskure, hoto ɗaya ne ya lalace. Manhajar kula in ta yi, tana iya kwashe wa ma'aikata guda duk abin da ta mallaka kafin a ƙifta ido.

Hakan ya taɓa faruwa. A watan Mayun 2024, asusun fansho na UniSuper a Ostireliya, mai mambobi fiye da dubu 600, ya wayi gari an share masa rukunin kwamfutocin cikinsa da ke wurin Google. Bayanin da Google ya fitar daga baya gajere ne, amma mai tayar da hankali. A farkon 2023, lokacin da ma'aikatansa ke kafa wa UniSuper wurin da wata manhajar cikin gida, sun bar gurbi ɗaya ba su cike ba. Manhajar ba ta tsaya ta yi tambaya ba, sai ta cike gurbin da kanta da wa'adin shekara ɗaya. Da shekara ta cika, tsarin ya share wurin, kuma bai aika wa mai shi gargaɗi ba, domin ba mai shi ne ya nemi sharewar ba. Mambobi sun yi kusan mako biyu ba sa iya duba asusunsu. Abin da ya ceci lamarin shi ne ajiyar bayanai da ke waje da wurin da aka share.

To, yaya ake gwada manhaja mai irin wannan iko? Wanda bai saba ba zai ce a haɗa ta da kwamfutocin gaske a gani. Ana yin haka, kuma za mu zo kansa, amma ba ya isa. Kunna kwamfutar ciki ta gaske kan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa ko mintoci, mai rubuta manhaja kuwa yana son ya gwada abubuwa ɗari biyar duk lokacin da ya sauya layi guda. In haya ake yi, kowane gwaji kuɗi ne, da dala. Gwajin sharewa in ya kuskure wuri, ɓarna ce ta gaske. Babban dalilin dai shi ne ba ka iya umartar duniya ta lalace a lokacin da kake so. Ba ka iya ce wa uwar kwamfuta ta cika faifanta daidai lokacin da aka kai rabin kwafi, ko ka ce wa sadarwa ta yanke bayan saƙo ya tafi amma kafin amsa ta dawo. A irin waɗannan lokuta ne manhajar kula ke nuna ainihin halinta, su ne kuma ba sa zuwa a ranar da ka zauna jiransu.

Mafitar da masu sana'ar suka samu tana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce gwajin gaɓa: a ware ƙaramar gaɓa ɗaya ta manhaja, a ba ta abin da aka sani, a duba ko ta fitar da abin da ake tsammani, kuma wata manhajar ce ke yin dubawar, ba idon mutum ba. Kent Beck da Erich Gamma sun yaɗa wannan ɗabi'a da JUnit, wadda suka rubuta a 1997. Ta biyu ita ce ɗan kwaikwayo. A maimakon gaɓar ta yi magana da uwar kwamfuta ta gaske, sai a tsayar mata da wani abu mai kama da ita, wanda ke karɓar tambayoyi iri ɗaya yana ba da amsoshin da mai gwaji ya riga ya sa masa a baki. Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig, waɗanda ke aiki a Landan, su suka gabatar da wannan dabara a rubuce a wani taro a tsibirin Sardiniya a 2000. Yau ta zama kayan aikin kowa. Harshen Python yana zuwa da nasa kayan kwaikwayo a ciki tun 2012.

A duniyar kwamfutocin ciki akwai 'yan kwaikwayo da aka riga aka ƙera. Masu aiki da VMware suna da vcsim, masu aiki da Amazon suna da moto, sashen Nova na OpenStack yana da direban bogi na kansa. Wanda na fi so in nuna wa mai koyo shi ne na libvirt, manhajar da aka fara a 2005 wadda manhajojin kula da yawa ke bi ta cikinta su yi magana da KVM ko Xen. Duk wanda ya sa libvirt a kan Linux, ya rubuta virsh -c test:///default list, zai ga an jero masa kwamfutar ciki guda mai suna test, wai tana aiki. Babu ita. Duk abin a ƙwaƙwalwar na'urarsa yake. Yana iya dakatar da ita, ya kashe ta, ya ƙirƙiro wasu goma, in ya rufe kuma komai ya koma yadda yake.

Ina ba wannan muhimmanci saboda ɗalibin da ke karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, ko matashin Zurmi da ke koya wa kansa da tsohuwar kwamfutar cinya. Ba ya bukatar cibiyar bayanai, ba ya bukatar katin dala, kuma da zarar ya sauke kayan, ba ya bukatar data. Iyakar cajin da batirinsa ya riƙe ya ishe shi ya koyi aikin da ake ɗaukar mutane dominsa a ko'ina a duniya. Sana'o'in fasaha kaɗan ne ƙofarsu ke buɗe haka ga wanda ba shi da jari.

Sai dai ɗan kwaikwayon libvirt yana da wani hali da ya kamata a lura da shi tun ranar farko: ladabinsa ya yi yawa. A libvirt akwai hanya biyu ta kashe kwamfutar ciki. Ɗaya ta ƙarfi ce, daidai da zare wayar wuta. Ɗayar roƙo ce, ana aika wa kwamfutar saƙo cewa ta tattara ta rufe kanta. Bayanan libvirt sun faɗa ƙarara cewa kwamfutar tana iya yin biris da wannan roƙo. Amsar da manhajar kula ke samu nan take tana nufin an isar da saƙo ne kawai. Kwamfutar na iya rufewa bayan daƙiƙa biyar, ko bayan minti goma in tana sabunta kanta, ko ta ƙi gaba ɗaya. Ɗan kwaikwayon kuwa, kana roƙonsa ya kashe.

A ɗauka an ba wani matashi aikin rubuta gaɓar da za ta riƙa yin ajiya kowane dare: ta kashe kwamfutar ciki, ta kwafe faifanta, ta sake kunna ta. Ya rubuta layi uku, ya gwada da ɗan kwaikwayo mai ladabi, komai ya fito kore, alamar an ci gwaji. Aka kai wurin aiki. A can, roƙon kashewa ya dawo da amsar "an karɓa", gaɓar ta fara kwafi alhali kwamfutar tana tsakiyar rubuta bayanai a faifan. Kwafin da aka samu yana nan, girmansa daidai, sunansa daidai, kwanan watansa daidai, amma cikinsa a hargitse yake. Babu mai sani sai ranar da aka neme shi, watakila bayan wata shida, ranar da babu wani abin dogaro sai shi.

Mai gwajin da ya san aikinsa ba ya barin ɗan kwaikwayo ya ba da amsar da ya ga dama, shi ke rubuta masa wasan. A gwaji na farko zai ce: in gaɓar ta tambayi halin kwamfuta, ka ce tana aiki, ta sake tambaya, ka ce tana aiki, sai a karo na huɗu ka ce ta kashe. Daga nan ya duba tsarin abin da gaɓar ta yi, ya tabbatar umarnin kwafi bai fita ba sai bayan amsa ta huɗu. A gwaji na biyu, ɗan kwaikwayon ba zai taɓa cewa ta kashe ba, ko sau dubu aka tambaya. Abin da ake so a nan shi ne gaɓar ta haƙura bayan wa'adin da aka ɗiba mata, kada ta yi kwafi, kada ta zare wutar da kanta sai in an ba ta wannan izini, ta kuma rubuta rahoton da mutum zai karanta da safe ya gane abin da ya faru. A gwaji na uku, kashewa ta yi, kwafi ya fara, sai ɗan kwaikwayon ya ce faifai ya cika. Shin gaɓar ta tuna ta sake kunna kwamfutar, ko ta bar ta a kashe har ma'aikata su zo? Ta goge guntun kwafin, ko ta bar shi yana kama da cikakke? Agogo ma kwaikwayonsa ake yi. Ba a zama jiran minti goma na gaske; ana ba gaɓar agogon bogi da mai gwaji ke turawa gaba da hannunsa, shi ya sa duk gwaje-gwajen nan ke ƙarewa cikin ƙasa da daƙiƙa.

Akwai kuma amsar da ta fi duk waɗannan wuya, kuma mu mutanen wannan yanki mun san ta sosai. Ranar kasuwa ce, dattijo ya zo rumfar mai POS cirar kuɗin da ɗansa ya turo masa daga Kano. Yaron ya sa kati, dattijon ya kare da tafin hannu ya danna lambobinsa, 'yar da'ira ta yi ta juyawa a fuskar na'ura. Can sai ta ce ciniki bai yiwu ba. Kafin a zare katin, wayar dattijon ta yi ƙara a aljihu.

"Ɗana, ga shi kuwa an cire."

"Wallahi Baba nan bai shigo ba. Sabis ne. Ka yi haƙuri, za su maido maka."

"To mu sake mana."

"A'a Baba, kada mu sake yanzu. In mun sake ana iya cirewa sau biyu."

Yaron nan ya riƙe wata gaskiya da manhajoji da yawa ba a koya masu ba. In ka aika saƙo ka ji shiru, ba ka san ko saƙon ne bai isa ba, ko ya isa an aikata amsar ce ta ɓace a hanya. Daga inda kake tsaye, biyun kamarsu ɗaya. Manhajar kula da ta nemi a buɗe mata kwamfutar ciki ta ji shiru, in ta sake nema kai tsaye, tana iya tashi da biyu: ɗaya da ta sani, ɗaya da ba ta sani ba, wadda za ta yi ta cin kuɗin haya a ɓoye. Don haka ne Amazon ya tanadi wata alama da mai nema ke ƙirƙira ya liƙa wa buƙatarsa, mai tsawon da bai wuce haruffa 64 ba. In buƙata ta sake zuwa da alamar da aka riga aka gani, ba a buɗe sabuwa, sai a mayar da labarin ta farko. Gwajin wannan mai sauƙi ne in an tuna da shi. Ɗan kwaikwayo ya yi shiru a karo na farko, ya amsa a na biyu, mai gwaji kuma ya duba cewa alamar da ta fita sau biyun guda ce. Manhajar da ke ƙirƙiro sabuwar alama a kowane yunƙuri ta rushe amfanin abin baki ɗaya, kuma ɗan kwaikwayon da ke amsawa kullum a karon farko ba zai taɓa tona ta ba.

Akwai wata mai kama da ita, wadda Amazon da kansa ya yi gargaɗi a kai cikin bayanan EC2. Kana iya buɗe kwamfuta, a ba ka lambarta, ka juya nan take ka tambayi halinta, a ce maka babu mai wannan lamba. Tana nan, labarinta ne bai gama zagaya duk sassan tsarin ba. Shawarar ita ce a ɗan jira a sake tambaya, ana ƙara tsawon jiran a kowane karo. Manhajar da ta ɗauki "babu" ta farko a matsayin hukunci za ta yi watsi da abin da ta buɗe da hannunta.

Wannan shirun daƙiƙoƙi ke nan. Zamfara ta ga na watanni. A ranar 3 ga Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido masu. An yi irin wannan rufewa a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane sun riƙa shiga mota su ƙetara wata jiha don kawai su kira 'yan uwa ko su duba ko kuɗi sun shigo. Wahalar da aka sha a lokacin ta fi ƙarfin babi kan manhaja, kuma ba na son in mayar da ita misali kawai. Amma duk wanda ya rayu cikin watannin nan ya fita da wani sani da ba a samu a aji: wanda ba a jin ɗuriyarsa yana iya kasancewa lafiya lau, yana ta harkokinsa.

A ɗauka wata ma'aikata tana da ƙaramar uwar kwamfuta a reshenta na Kaura Namoda, mai aiki da hasken rana, ana kula da ita daga Abuja. Sadarwa ta yanke. Manhajojin kula da yawa an gina su ne a kan cewa in uwar kwamfuta ta daina amsawa, to ta mutu, sai a tayar da kwamfutocin cikinta a wani wuri. Amma ta Kaura ba ta mutu ba, ma'aikata suna ta shigar da bayanai a cikinta. Yanzu akwai kwamfuta biyu masu suna ɗaya, kowace tana rubuta nata tarihi, kuma ranar da sabis ya dawo dole a rasa na ɗaya ko a zauna tsintar su da hannu. In faifai ɗaya suke rubutawa a kai, ɓarnar ta fi haka. Masu sana'ar suna magance wannan da katangewa: kafin a tayar da madadin, sai an tabbatar ta wata hanya dabam cewa an yanke wa ta farkon wuta ko an raba ta da faifan. Manhajoji irin su Pacemaker sun ɗauki wannan a matsayin sharaɗi. Gwajin da ya dace a nan shi ne ɗan kwaikwayo ya yi shiru ta kowace ƙofa, har da ƙofar katangewar, a ga ko manhajar za ta tsaya ta kira mutum ko za ta yi gaban kanta.

Dawowar ma tana bukatar nata gwaji. Takardun shaidar tsaro da Let's Encrypt ta saba bayarwa kyauta kwana 90 suke yi, don haka na'urar da ta yi wata uku a yanke tana iya dawowa da takardar da ta mutu, a ƙi saurarenta. Umarnin da suka taru a layi tun watan jiya, a zartar da su duka ko a zubar? In akwai na sharewa a ciki fa? Da agogon bogi, tura lokaci gaba da kwana 90 layi ɗaya ne na rubutu. Abin da ke hana a rubuta shi shi ne marubucin bai taɓa zama inda hakan ya faru ba. Akwai kuma yanayi na tsakiya, irin na 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Wasu hanyoyin sun tsira, cunkoso ya koma kansu, sai ya zama amsa tana zuwa amma a makare, bayan mai tambaya ya riga ya fid da rai ya ɗauki wani mataki.

Duk da haka, kada a ɗauka wanda ya iya rubuta wa ɗan kwaikwayo mugun wasa ya tsira. Ɗan kwaikwayo ba ya sanin abin da marubucinsa bai sani ba. A ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi a karon farko daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu, ta tarwatse bayan kimanin daƙiƙa 40. Na'urar da ke gaya wa rokar inda ta fuskanta an gado manhajarta daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya a kwance, sai wani adadi ya girma har ya kasa shiga gurbin bit 16 da aka tanadar masa, na'urar ta tsaya, ta ko-ta-kwana da ke tare da ita ma ta tsaya saboda manhajarsu ɗaya. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa a babban gwajin da aka yi wa tsarin a ƙasa, ba a sa ainihin na'urar ba, kwaikwayon amsoshinta aka yi. Kwaikwayon ya ba da amsar da ya kamata lafiyayyar na'ura ta bayar. Da aka gwada manhajar gasken da hanyar tashin Ariane 5 bayan hatsarin, sai ta faɗi kamar yadda ta faɗi a sama.

Saboda haka masu hankali a sana'ar ba sa barin ɗan kwaikwayo ya daɗe bai ga na gaske ba. Wasu suna naɗar amsoshin gaske sau ɗaya su riƙa maimaita su a gwaji, da kayan aiki irin su VCR. Yana da amfani, domin siffar amsar ta gaske ce ba ta zato ba, amma naɗin yana tsufa, yana iya haɗawa da kalmomin sirri in ba a tace ba, kuma galibi a rana mai kyau ake yin sa. Freeman da abokin aikinsa Nat Pryce sun ba da wata shawara da na ga ta fi ƙarko: kada ka kwaikwayi manhajar wasu kai tsaye, domin ba ka san duk halayenta ba. Ka gina siririn sashe naka tsakaninka da ita, mai ayyuka kaɗan da ka fayyace ma'anarsu, ka kwaikwayi wannan sashen a gwajin gaɓa, shi kuma sashen ka gwada shi da na gaske. OpenStack tana yin duka biyun. Tana da dubban gwaje-gwajen gaɓa masu gudu a kan direban bogi, amma kafin a karɓi gyara a manyan sassanta, ana kafa cikakken tsarin da DevStack, a sa Tempest ta buɗe kwamfutocin ciki na gaske ta kashe su. Ƙaramin ofis ba zai iya wannan a kowane gyara ba. Zai iya sau ɗaya a mako, a kan uwar kwamfuta guda da aka keɓe, wadda babu bayanan kowa a cikinta. Duk ranar da na gaske ya yi abin da ɗan kwaikwayo bai taɓa yi ba, a ranar ake komawa a koya wa ɗan kwaikwayon.

Saura shi kansa gwajin. Da kayan kwaikwayo na zamani, abu ne mai sauƙi mutum ya rubuta gwajin da ba ya iya faɗuwa, domin ɗan kwaikwayon Python, in ba a ɗaure shi da siffar abin da yake kwaikwaya ba, yana karɓar kowane kira, har wanda aka yi kuskuren rubuta sunansa. Maganin shi ne a ɓata manhajar da gangan. A gaɓar ajiyar dare, a cire layin da ke jiran kwamfuta ta kashe, a sake gudanar da gwaje-gwajen. Gwaji na farko da na biyu dole su koma ja, wato su faɗi. Akwai manhajojin da ke yin wannan ɓarnar da kansu, layi bayan layi, irin su PIT a Java da mutmut a Python, suna kawo rahoton duk ɓarnar da ta wuce ba a kama ta ba. In an cire layin jiran amma komai ya zauna kore, sai a maido da layin, a goge gwajin, a sake rubuta shi daga farko.